Aski Ne, Ba Sara Ba

Da sunan Allah na fara. Auta, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Tasawa lafiya, kai da injinka, ba abin da ya karye a hanya. Allah ya tsare mini kai daga sharrin ƙarfe da sharrin bisa, ya sa duk itacen da ka hau ka sauko da ƙafafunka. Amin.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gida na nan yadda ka bar shi. Rubutun ma ka yi haƙuri da shi, na yaƙi da jahilci ne, in ka ga baƙi ya kwanta ka tashe shi da kanka. Na so in yi maka maganar nan ran da za ka tafi, amma kana ɗaure kaya kana ta "to Inna, to Inna", na san kunnenka ya riga ka shiga mota.

Yayarka Rabi ce ta tsinci takarda cikin aljihun rigar da ka bari a wanke. Sanarwar da kake so ka kai gidan radiyo ce. Na karanta ta sau uku don kar in ɗora maka abin da ba ka ce ba. Ka rubuta: "Jama'ar Tasawa da kewaye, ga Sanusi mai inji ya iso, yana sare kowane irin itace, babba da ƙarami, nan da nan." Rabi ta ce ka gaya mata sati biyu za a yi ana karanta ta safe da maraice, kuma za ka sa a rubuta maka babban allo a kafa bakin tasha.

To da wane kuɗi? Ni da kai mun sani. Bijimin san nan da na yi shekara biyu ina kiwo na sayar, aka sai maka injin nan na yankan itace. Abin da ya yi saura shi ne a aljihunka, kuma babu wani a bayansa. Ba ni da wani sa. In ya ƙare kafin aiki ya kama, injin za ka sayar ka hau mota ka dawo, kuma ni ban shirya ganin wannan ba. Don haka zauna ka karanta. Ni ma na taɓa biyan kuɗin shela, kuma babanku ne ya kwana a rufe saboda ita.

Shekarar babban fari ne, zamanin sojan farko. Ba a haife ka ba, Rabi ce a bayana. Gero ya fito ya ƙone a tsaye. Abin da ya rage mana sana'ar babanku, hawan itace. Kai ka san shi da tsufa, ba ka ga lokacin da yake hawa gawo kamar ana jan shi da igiya ba. Yana rage wa itace rassa da barandami, masu dabbobi su samu ganye, ko ya sauke reshen da ya rankwafo kan ɗakin mutane. Ban taɓa jin ya ce zai sari itace ba. Cewa yake, "Bari in je in yi mishi aski." Ya san reshen da za a ɗauke, ya san wanda in an taɓa itacen ya mutu, kuma badi in ka koma sai ka tarar ya fi da cika.

Amma Allah ya jiƙansa, ba shi da baki. Sai ya je kasuwar Mayahi ya zauna da igiya a kafaɗa tun hantsi har la'asar, ba wanda ya san me ya kawo shi. Wani ma ya taɓa taya igiyar, ya zaci ta sayarwa ce. Ni kuwa bakin ne da ni, ka sani. Na ce in shi ba zai yi talla ba, ni zan yi mishi.

Ban shawarce shi ba, laifina na farko ke nan. Na auni gero tiya biyu cikin ɗan abin da ya rage mana a rumbu, a shekarar da ake tonon gidan tururuwa, na kai wa Bawa sankira, mai yin shela ranar kasuwa. Na same shi yana cin goro gindin rumfar mahauta.

Na ce, "Bawa, shela nake so ka yi wa maigidana."

Ya ce, "Ɓata ya yi?"

Na ce, "Shi bai ɓata ba, aiki ne ya ɓace mishi."

"Me yake yi?"

Na ce, "Yana hawa itace ya rage mishi rassa, dabba ta ci, ɗaki ya tsira, itacen kuma bai mutu ba."

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. "Haba uwar Rabi, wannan ai huɗuba ce. Wa zai bar ciniki ya tsaya jin wannan? Ke dai kawo geron, ki bar ni da sauran. Baki sana'ata ce."

Na miƙa mishi na juya. Ban ce mishi faɗi in ji ba. Da na tsaya ya maimaita a gabana ko sau ɗaya, da ba ka karanta wannan takarda ba.

Rana ta take, kasuwa ta cika, sai ga Bawa ya haye kan amalanke ya toshe kunne ɗaya. Ya kira sunan babanku da na kakanku da na garinmu, don kar a yi kuskure. Sannan ya ce, "Gwanin sara ya shigo kasuwa! Gawo komai girmansa, ku nuna mishi da safe, kafin la'asar yana kwance!" Ya faɗa wajen 'yan hatsi, ya faɗa wajen 'yan dabbobi, ya faɗa bakin tasha. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Ina tsaye ina duban mata in ga ko sun gane mijina ake faɗa.

Babanku ya taso ya same ni. Bai ɗaga murya ba, bai iya ba.

Ya ce, "Ke kika sa?"

Na ce, "Ni ce. Aiki na nemo maka."

Ya ce, "Baƙi dai kika gayyato mini."

Lokacin nan dokar hana sare gawo ta yi zafi ƙwarai. Soja ke mulki, ba a ja da doka, ba a ma tambayar dalilinta. Kuma akwai malamin daji a kasuwar da kakinsa, kunne gare shi kamar kowa. Ba a yi la'asar ba ya iso inda muke.

Ya ce, "Kai ne gwanin?"

Babanku ya duƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, aski nake yi musu, ban taɓa kayar da gawo ba."

"Aski? Kasuwa duka ta ji abin da aka ce. Ko sankiran ne ya yi maka ƙarya?"

Aka kira Bawa. Ya dube ni, ya dubi kakin, ya ce, "Ni abin da aka biya ni shi na faɗa." Ya koma ga goronsa.

Aka karɓe barandami da gatari da igiya, aka tafi da babanku. Kwanansa tara a rufe. Sai da aka bi gonakin da ya ce ya yi aiki, aka ga itatuwa na tsaye ba kututture ko ɗaya, sannan aka sake shi. Kayan aikin kuwa sai da tasoshin aurena suka tafi kasuwa kafin su dawo gida. Ban ga laifin malamin dajin ba har yau. A shekarar ana kashe itatuwa ba tausayi, kuma mu muka hau amalanke muka kira shi da geronmu.

Rufewar ma ba ita ta fi ciwo ba. Mutanen da suka saba kiran babanku suka ɗauke ƙafa, kowa na tsoron a gan shi cikin gonarsa. Waɗanda suka riƙa zuwa kuwa wasu iri ne. Masu son a kayar musu da gawo a ɓoye su kai itacen birni. Mai son a kashe tsamiyar maƙwabcinsa don inuwarta na taɓa mishi gero. Shelar ta yi aiki, Auta, ba a ce ba ta yi ba. Mutanen da kalmar ta kira su suka zo. Babanku ya kore su ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranar da yunwa ta sa na ce ya karɓi guda, wa zai gani? Ya ƙi. Na yi kwana biyu ban yi mishi magana ba. Shi ke da gaskiya, kuma ban taɓa gaya mishi ba har ya koma ga Allah. Kai nake gaya wa.

Yanzu koma ka dubi takardarka. "Yana sare kowane irin itace." Bawa ma bai kai ka ba, shi gawo kaɗai ya ambata. Kuma shi kasuwa guda ta ji shi, kai kuwa radiyo za ka, har cikin biro, wato ofishin malaman daji, za a ji ka suna shan shayi. Yau ma soja ne a sama, dokar itace kuma ba ta mutu ba. Kafin ka kai wa kowa sanarwa, ka kai kanka biron nan, ka gaishe su, ka ce ga abin da nake yi, me aka yarda, me aka hana, wace takarda zan riƙe. Su san fuskarka a tsaye kafin su ji sunanka a iska. Kalmar sara kuma ka cire ta daga bakinka. Ka ce gyara, ka ce rage rassa, ka ce aski irin na babanku. In itace ya mutu ko zai faɗa wa mutane ne dole a kayar, mai shi ya nemo izini ka gani da idonka tukuna.

Wata wautar da na yi, na ɗauka duk wanda ya yi tambaya mai aiki ne. Bayan abin ya lafa, wani mutum ya tare ni a kasuwa ya ce akwai tsamiya a gidansu can wajen Kanan-Bakashe, tana so a rage ta. Ban tambaye shi komai ba, na zo gida da murna na tasa babanku gaba. Ya tafi a ƙasa, da gatari da gorar ruwa, cikin zafin bazara. Da ya isa, ashe tsamiyar ta gado ce, 'yan'uwa huɗu ke da ita. Wanda ya yi mini magana shi kaɗai ke so, sauran ukun suka fito da sanduna. Babanku ya zama mai rabon faɗa, ko ruwa ba a ba shi ba. Ya dawo ƙafa duk ta fashe, ya zauna yana cire ƙaya, ya ce, "Gobe in an ce miki akwai itace, ki tambaya na wa ne."

Shi ƙafa ya kashe, kai asans za ka kashe, wato fetur, ga kuɗin kabu-kabu da inji a baya. In ka sa lambarka a radiyo, salularka ba za ta huta ba, kar wannan ya ruɗe ka. Wani farashi kawai yake so ya ji. Wani zai yi maka bif ka kira shi da kuɗinka, ya ce dama gaishe ka zai yi. Wani na ƙauye mai nisa zai ce "zo dai ka gani". Kar ka ɗaga injin nan sai ka ji itacen na wa ne, wa kuma ke da baki a kansa, kuma yaushe ake so a yi. Wanda ya ce sai bayan kaka, ka ce Allah ya kai mu, ka ajiye shi a ranka, kar ka je. Wanda ke nesa ya ɗauki nauyin hanya. Mai son aiki da gaske ba ya jin haushin tambaya.

Ka san ta inda aiki ya dawo mana? Bakin rijiya. Wata mata Tsahara, gidansu na kan hanyar rijiyar, muna jan ruwa tana ta mita. Reshen dogon yaro na gugar jinkar ɗakinta, duk iskar da ta taso sai ta kwashe 'ya'yanta ta fita tsakar gida. Ta yi wa mijinta magana har ta gaji, kullum sai ya ce gobe. Na ce mata zan turo babanku, ba sai ta ba da komai ba, ta dai roƙi mijin ya yarda. Ya je ya yi wa itacen nan aski, ya fito das kamar an kifa ƙwarya. Bai tsaya nan ba. Ya share ganyen tas, ya faskara rassan, ya jera mata su kusa da murhu.

Duk macen da za ta rijiya sai ta wuce gindin itacen nan, sau biyu sau uku a yini. Tsahara kuwa ba ta iya shiru ba, irina ce. Kafin ruwan farko ya sauka babanku ya yi gida bakwai. Daga nan na gane abin da ban gane ba da. Namiji ba ya ɗaga kai ya dubi itacen gidansa, fita yake da safe ya dawo da maraice. Mace ce ke girki a gindinsa, ita ke share ganyensa, ita ke jin ƙarar reshe in hadari ya haɗo. Ita za ta hana maigida sakat har ya kira ka. Don haka duk matar da ta kawo mana aiki, sai in aika mata da damin itace daga abin da aka sauke. Ladan shelarmu ke nan har babanku ya daina hawa, kuma ba mu sake taɓa rumbu ba.

Ban ce zamaninku irin namu ne ba. Tasawa birni ne, ba rijiya guda ake sha ba, kuma ban hana ka radiyo har abada ba. Amma mata na nan, masu abinci na nan, masu markaɗe na nan. Lokacin ma ya yi maka daidai, bazara ce, kowa na duban sama yana duban kwanon ɗakinsa. Ka taka da ƙafarka unguwa unguwa, inda ka ga reshe kan rufi ko ya danne katanga ka yi sallama. Aikin farko ka zaɓi na bakin hanya, ka yi shi kamar na uwarka, ka share wurin kafin ka tafi. Kyauta kuma sau ɗaya ake yin ta, ga wanda bakinsa ke yawo. Na taɓa sa babanku ya yi wa wani mai kuɗi kyauta don a san mu, abin da ya jawo mana danginsa ne, kowa da itacensa, kowa hannu sake.

Saura guda, ita ce ban so faɗa ba. Ɗingishin da ka tashi ka ga babanku na yi, an ce maka faɗowa ya yi. Gaskiya ne, amma ba a gaya maka wa ya tura shi ba. Wani ɗan kasuwa ne a Gidan Amumune, na yi wata guda ina bibiyarsa, na kai wa matarsa kuka da kuɓewa har sau biyu, kafin ya yarda ya ba mu aikin itatuwan gidansa. Ranar da ya sa, aka tashi da iska. Babanku ya fito ya dubi sama ya ce, "Yau ba ranar hawa ba ce." Na ce, "Bayan duk wahalar da na sha? In ba ka je ba wani zai ba." Ya dube ni, ya ɗauki igiyarsa ya tafi. A amalanke aka maido shi. Wata huɗu yana kwance, ƙugun bai koma daidai ba har ya rasu. Bai taɓa cewa ni ce ba. Ni na sani.

Abin da nake so ka gane, wanda ya zuba duk abin hannunsa wajen neman mai aiki ba ya iya cewa a'a. In kuɗin nan suka tafi radiyo da allo, ranar da aka kira ka cikin iska za ka hau. Itacen da ke jikin wayar lantarki za ka hau. Na rigima ma za ka hau, don ciki ba komai kuma kana jin kunyar dawowa gida. Shi babanku barandami ne a hannunsa da ya faɗo. Kai abin da ke hannunka haƙora gare shi, kuma ba ya tsayawa don ka zame. Wannan ne ke hana ni cin abinci, ba san da na sayar ba. Sa nama ne, da ma yanka shi za a yi.

Don haka ga yadda za a yi. Takardar biro tukuna. Sannan abincinka da asans na wata biyu ka ware su, ka manta da su. Allon bakin tasha ka bar shi, masu jiran mota ba itace ne a gabansu ba. In bayan ka yi gida goma akwai abin da ya yi saura daga gumin hannunka, kai radiyo, kwana uku ba sati biyu ba. Amma ka kira ni ka karanta mini tukuna, kuma ka tsaya mai karantawar ya faɗa a gabanka ka ji da kunnenka.

Ban zauna haka nan ba tun tafiyarka. Maƙwabciyata na da ƙanwa a nan Tasawa, Hajiya Aisa, tana sayar da abinci bayan kasuwa, kowa ya san rumfarta. Dogon yaro biyu ne a ƙofar gidanta, ɗaya ya fara tsaga katanga. Mun yi magana ta salula, ta ce maigidanta ya yarda, itatuwan nasa ne shi kaɗai, na tambaya. Ka je ran Alhamis da hantsi, da riga mai tsabta, ka durƙusa ka gaishe ta. Ka yi mata sauƙi amma ka karɓi haƙƙinka. Mutum nawa ke cin tuwo a rumfar nan kullum, kai ma ka yi tunani. In iska ta taso ranar, ka ce mata sai Asabar, na riga na gaya mata ɗana ba ya hawa cikin iska, ta ce ta ji.

Ni ma ba kyauta na yi maka wannan ba. Dogon yaron bayan ɗakina tun bara nake cewa ka rage shi kana cewa gobe, ga shi ka kwashi inji ka tafi gyara na mutane. Kafin ruwa ya zauna ka zo ka yi mishi aski, ka kwana biyu, in ga ko kana cin abinci.

Allah ya yi maka albarka, Auta. Ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da itacen rigima. Ya ƙarfafa igiyarka, ya tsayar da ƙafarka, ya jiƙan babanku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido mini da kai yadda ka tafi. Amin.

Ni ce mahaifiyarka.